Bidiyo a waya ko zuwa filin harbi: me ke dawo wa soja da hannunsa?

Abban Khairat:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, musamman ga iyayenmu 'yan mazan jiya da ke cikin nan. Duk shekara sai mu ji sanarwa cewa sojoji za su yi atisayen harbi a wuri kaza, kada jama'a su firgita in sun ji ƙarar bindiga, manoma da makiyaya su kauce wa wurin. Na kurtu na gane, wanda bai taɓa riƙe bindiga ba dole a kai shi Depo a Zariya ya yi watanninsa. Amma wanda ya shekara goma a bakin aiki, me ya rage masa ya koya? Tuni kawai ake yi masa. To in tuni ne, me zai hana a haɗa bidiyo mai kyau, a tura wa kowa a wayarsa, ya kalla, ya amsa tambayoyi, a huta da kuɗin harsashi da man mota da kwashe mutane zuwa daji? Ni haɗa bidiyo ce sana'ata, na san abin da kyamara za ta iya. Za a rage gudun hoto, a zuƙo shi kusa, a nuna cikin bindiga yadda ƙarafa ke motsi, abin da malami ba zai iya nunawa da hannu ba. Kuma a 2022 kowa ya ji labarin 'yan Yukren da suka riƙa kallon YouTube suna koyon makaman da aka aika musu.

Baba Sajan:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kasuwa kake nema wa kanka ke nan, Allah ya ba da sa'a. Amma saurara. Abin da ke tsufa a jikin soja ba sani ba ne, hannu ne. Ka tashi kowane soja daga barci ka tambaye shi yadda ake sauke bindiga, zai biya maka kamar karatun allo: a cire magazin tukuna, sannan a ja ƙarfe baya a leƙa cemba, wato ramin da harsashi ke zama kafin ya tashi, a tabbatar babu komai. Amma wannan mutumin dai, ya kwana a tsaye a bakin shinge, ido ya yi ja, ya dawo da asuba, sai ka ga ya juya tsarin. Ya ja baya tukuna, harsashi ɗaya ya faɗo ƙasa, ransa ya ce shi ke nan, sannan ya cire magazin. Ashe lokacin da ya saki ƙarfen, ta ɗauko wani ta zura. Ya danna kunama, tau! Na ga wannan da idona a wani sansani da ba zan kama suna ba. Allah ya taƙaita, bakin bindigar na cikin gangar yashi da ake ajiyewa don haka. Yaron da ya yi kuwa, da jarrabawar baki aka yi, shi zai zo na ɗaya.

Abban Khairat:
Baba, ai wannan da ka faɗa shi ne ya kamata a sa a bidiyon. A nuna kuskuren, a nuna abin da yake haifarwa. Wanda ya kalla sau uku ba zai manta ba.

Baba Sajan:
Bai manta ba, shi ne nake gaya maka. Kansa na sane, hannunsa ne ya riga shi. Kai kana ganin bidiyo, shi bidiyo ba ya ganin ka. Ni in na tsaya a bayan soja, ina ganin yatsarsa ta shiga kan kunama tun bai ɗaga bindiga ba, ina ganin ya juyo zai yi magana da abokinsa bakin bindiga ya biyo shi. Shi bai san yana yi ba. In ka tambaye shi zai rantse maka bai yi ba. Wa zai gaya masa a waya?

Zangon Amurka:
Sallama ga kowa. Bari in sa baki, tunda na ɗan taɓa kaki a nan inda nake. In akwai waɗanda suka fi kowa son allo da na'ura, to Amurkawa ne, kuma suna da kuɗin sayensu. Amma dubi yadda suka tsara gwajin bindiga na sojan ƙasa a ƙa'idar da suka fitar a 2019. Mataki shida ne. Na farko darasi da tambayoyi, a nan bidiyo da hotuna ke shigowa. Na biyu ɗakin na'urar kwaikwayo, suna ce mata EST: ka riƙe bindiga mai nauyin ta gaske, tana ɗan tokarinka da iska, kana harbin allo, kwamfuta na nuna maka inda bakin bindigarka ya yi ta yawo kafin ka danna. Na uku atisaye da bindiga babu harsashi. Na huɗu daidaita saiti da harsashi na gaske. Na biyar gwaji. Na shida ita ce jarrabawar kanta.

Jarrabawar kuma harsashi 40 ne a magazin huɗu, goma-goma, abin harbi 40 suna tasowa suna kwanciya daga mita 50 zuwa mita 300. Sai ka samu 23 ka ci, 36 zuwa sama ka zama gwani. Abin da suka canza shi ne mai daɗin ji: a da sai a ce maka tsaya, canza magazin, kwanta, shirya. Yanzu babu mai ce maka komai. Kai za ka canza magazin da kanka, ka tashi daga kwance zuwa durƙuso zuwa tsaye a jikin shinge, abin harbi na ci gaba da tasowa, cikin kusan minti huɗu an gama. Wato sun gane ba saiti kaɗai ke kayar da mutum ba, lalube ne. Hannu ya je aljihu ya rasa magazin, ko ya sa ta ba ta zauna ba ta faɗo.

Don haka, ɗan'uwa Abban Khairat, bidiyonka na nan a cikin tsarin, amma a mataki na ɗaya cikin shida.

Gaskiya Ɗaci:
Duk wannan dogon Turanci ne. 'Yan bindigar daji wace Depo suka je? Wane mataki shida suka hau? Ga su nan suna ba mu wahala.

Baba Sajan:
Kai kuma ka zo. Su ɗin bidiyo suka kalla? Bindiga na rataye a kafaɗarsu dare da rana, da ita suke kwana. Hujjarka tawa ce ba taka ba. Sannan shi ɗan ta'adda ba ruwansa da inda harsashi ya faɗa. Soja kuwa yana tsaye a bakin kasuwa ko a shingen hanya, motar fasinja na gabansa. Rabin horon da ake ba shi na kada ta tashi ne sai ya so.

Mai kula da zaure:
Jama'a a tsaya a kan maudu'i. Kuma kada wanda ya turo mana bidiyon kwance bindiga a nan, zan goge.

Tsohon Hafsa:
Ranka ya daɗe Sajan, na yarda da mafi yawan abin da ka faɗa, amma zan ɗan kare yaron nan, don ku sajan-sajan kuna da wani hali: kowa na ganin yadda aka koya masa shi ne daidai. Na zauna a ofishin horo, na ga malamai uku suna koyar da abu ɗaya ta hanya uku, kowa na cewa haka ya gada. Wani ya ɗauko wata ɗabi'a tun zamanin bindigogin FN da G3 ya ɗora ta a kan AK, yara suka ɗauka, su ma suka koya wa na bayansu. Hannu na koyon kuskure da irin ƙarfin da yake koyon daidai, kuma kankare shi ya fi wuya. A nan bidiyo ɗaya da aka tantance daga sama yake da amfani, kuma ni a ganina malamai ya kamata su fara kallonsa kafin yara.

Akwai misali a tarihi. Lokacin da Amurka ta raba wa sojojinta M16 a Biyetnam, an bar su da tunanin cewa bindigar ba ta cika buƙatar wanki ba, kayan gogewa ba su wadata ba, kuma an canza irin albarushin da ke cikin harsashin zuwa wanda ya fi barin datti. Bindigogi suka riƙa cijewa ana tsakiyar wuta, mutane suka mutu da su a hannu. Sai da majalisar wakilansu ta kafa kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord, ya fitar da rahoto a 1967. Cikin gyaran da aka yi, ban da gyaran ita bindigar da raba kayan gogewa, har da ɗan littafin zane irin na barkwanci da Will Eisner ya zana a 1968, yana nuna yadda ake kula da ita. Me ya sa zane? Saboda sun san saurayi ɗan shekara 19 ba zai karanta littafin ƙa'ida ba, amma zai duba hoto. Wayar yau ita ce wannan littafin. Inda matsalar ta rashin sani ce, hoto na magance ta, kuma ya isa ga mutum dubu a rana ɗaya.

Baba Sajan:
Yallaɓai, ban musa ba. Amma ka ce an raba kayan gogewa tare da littafin. Da littafin kaɗai aka raba fa?

Tsohon Hafsa:
Da sun ci gaba da mutuwa suna sane da dalili. Na ba ka wannan.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri mace ta shigo maganar maza. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a bariki nake aure, don haka abin ya shafe ni ta gida biyu. Mu ma muna da irin wannan muhawarar a kan farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, danna ƙirji ɗin nan. An yi bincike da yawa a kai, kuma abin da ake ta samu shi ne ƙwarewar hannu na fara zubewa cikin wata uku zuwa shida bayan horo, alhali mutum na iya cin jarrabawar takarda. Za ki ga ma'aikaciya ta san adadin dannawa sarai, amma a ɗora ta a kan mutum-mutumin roba sai ki ga ba ta dannawa da zurfi, ita kuma tana ji a ranta daidai take yi. Shi ya sa yanzu aka fi karkata ga gajeren gwaji akai-akai, minti kaɗan duk bayan 'yan watanni, maimakon babban taro sau ɗaya a shekara biyu.

Abin da nake tsoro da bidiyo shi ne yana sa mutum jin ya iya. Ka kalli gwani yana yi cikin sauƙi, sai zuciyarka ta ce ai ni ma haka zan yi. Wanda bai kalla ba ya san bai iya ba, yana taka-tsantsan.

Kuma don Allah, Baba Sajan, mu da ke zaune a bariki da yara suna wasa a tsakar gida, maganar gangar yashin nan ba labari ba ce a wurinmu.

Baba Sajan:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan na gajeren gwaji akai-akai shi ne maganata tun farko, ban dai iya tsara ta kamar ke ba.

Abban Khairat:
To na ji. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa maganar kuɗi. Harsashi ba kyauta ba ne. Bataliya guda ta fita harbi, a lissafa harsashi, da motoci, da abinci, da likita. Kuma wanda ke bakin daga a Borno ko Zamfara, yaushe za a janye shi a kai shi filin harbi? Ba gara bidiyon ba da babu?

Tsohon Hafsa:
A nan ne ka haɗa abu biyu wuri ɗaya, kuma ba kai kaɗai ba, har manya na yin haka. Atisayen hannu daban, harbi da harsashi daban. Kwancewa da haɗawa, ɗorawa da saukewa, canza magazin, abin da za ka yi in ta cije, riƙo, numfashi, jan kunama, duk ana yin su da bindiga wadda babu komai a cikinta, ko da harsashin bogi wanda ba ya tashi. Ba ya cin ko sisi. Abin da yake ci shi ne minti ashirin da kofur ɗaya mai ido. Ana iya yin sa a gindin bishiya a sansanin da ya fi kowane nisa. Ingila ma ba sa barin soja ya taɓa harsashi mai rai a filin harbi sai ya ci gwajin sarrafa bindiga a gaban malami, kuma wannan gwajin ba a harba ko ɗaya a cikinsa.

Don haka in wani kwamanda a ko'ina a duniya ya ce ya koma bidiyo saboda tsadar harsashi, ni ban yarda ba. Ya koma ne saboda bidiyo ya fi sauƙin rubutawa a rahoto. A tara mutum 100 a zaure, a kunna majigi, kowa ya sa hannu a takarda, an yi horo. Rabinsu na gyangyaɗi a layin baya. Atisayen hannu kuwa sai an buɗe ma'ajiyar makamai, an ƙirga, an sa hannu, an nemo malamai, an tsaya a rana, sannan ya fito maka da sunayen waɗanda suka faɗi, kai kuma sai ka san yadda za ka yi da su. Bidiyo ba ya kayar da kowa, shi ya sa ake son sa.

Zangon Amurka:
Yallaɓai ya tuna min da wani abu. A nan akwai atisayen da ake yi da kwabo. Ka kwanta da bindiga babu harsashi, abokinka ya ɗora maka kwabo a kan bututun kusa da baki, ka ja kunama. In kwabon ya faɗo, fizga ka yi, ba ja ba. Ƙasar da ke da na'urar miliyoyi, amma har yau kwabon nan na aiki.

Sai na biyu, wanda ya fi tona asiri. Malami ya cika maka magazin da kansa, ya ɓoye harsashin bogi a tsakani, ba ka san inda yake ba. Kana harbi, kana harbi, sai ka zo kansa: ƙyas, ba ta tashi ba, amma kowa ya ga bakin bindigarka ya dunƙura ƙasa, kafaɗarka ta zabura, idonka ya rufe. Ashe duk harbin da kake yi haka kake yi, ƙara da tokari ne ke rufa maka asiri. Wannan ko na'urar kwaikwayo ba ta cika fito da shi ba, don jiki ya san ba wuta ba ce ta gaske.

Game da Yukren kuma, gaskiya ne sun kalli YouTube, don ba su da zaɓi a makonnin farko. Amma daga tsakiyar 2022 Birtaniya ta fara kwasar su zuwa ƙasarta a shirin da ake kira Interflex, horon mako biyar, kuma dubun-dubata suka bi ta ciki. Ƙasar da ake yaƙi a cikinta ta yarda ta cire matasa daga gida na sama da wata guda. Da waya ta isa, da ba su yi ba.

Abban Khairat:
Javelin fa, makamin nan na fasa tankar yaƙi da ake harbawa daga kafaɗa? Na ji an ce ko a Amurka yawanci ba sa harba na gaske a horo.

Zangon Amurka:
Haka ne, don guda ɗaya ya haura dala 100,000. A na'urar kwaikwayo ake koyon sa. Amma na'urar a kafaɗa ake ɗora ta, ido a madubi, yatsu a kan maɓallai iri ɗaya da na gasken. Harsashin aka cire, ba a cire hannun ba.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Ni ma tsohon soji ne nan wajenmu. Abu biyu zan ƙara. Na ɗaya ƙura. Bidiyon da aka ɗauka a ɗaki mai sanyi, bindiga sabuwa tana ƙyalli, kome na zamewa sumul. Ka zo da ita arewacin Agadas lokacin iska, ka shafa mata mai da yawa yadda ka gani a hoto, kafin la'asar mai da rairayi sun zama kunu a cikinta. Yawan man da ya dace, yatsa ke sanin shi, kuma sai wani ya kama hannunka ya ce wannan ya yi yawa.

Na biyu, canjin makami. Wanda ya saba da kalash, wato AK, hannunsa na dama ya san sefti na gefen dama, babban ƙarfe ne, sama a kulle, tsakiya ruwan wuta, ƙasa ɗaya-ɗaya. Ka ba shi M16, sefti ɗan ƙarami ne a gefen hagu, da babban yatsa ake juya shi, kuma ɗaya-ɗaya ke fara zuwa. Ya kalli bidiyo sau goma, ranar da aka firgita shi hannunsa gefen dama zai tafi. Ko lokacin da aka yi atisayen haɗin gwiwa na Flintlock da Amurka ke jagoranta a Nijar a 2018, baƙin da suka zo da duk kayan zamaninsu, a fili cikin rana suka tsaya da mutane.

Amma ina goyon bayan Abban Khairat a wuri guda: harshe. Mu da Faransanci ake ba da darasi, yaro ya fito daga ƙauye, Hausa ko Zabarmanci ko Barbarci yake ji, yana gyaɗa kai don tsoron malami. Bidiyo da harshensa, wanda zai maimaita shi kaɗai ba mai yi masa tsawa, zai taimaka ƙwarai. Sai dai a sa shi a na'urar sansani, ba a waya ba. Rezo, wato sabis ɗin waya, babu a daji, kuma abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga dubu.

Tsohon Hafsa:
Wannan na ƙarshen shi ne zai kashe shawarar tun a teburin farko. Ba wanda zai sa hannu a tura darasin makami ta WhatsApp.

Abban Khairat:
To bari in juya tambayar. Baba ya ce bidiyo ba ya ganin soja. In kyamarar ce ta juyo tana kallon sojan fa? A ɗauke shi yana atisaye, a rage gudu, a nuna masa yatsarsa da kafaɗarsa da idon da yake rufewa. Ba sai ya rantse bai yi ba.

Baba Sajan:
Yanzu ka yi magana. Wannan da na samu a zamanina da na huta da ciwon maƙogwaro. Akwai kofur ɗin da na yi ta fama da shi a kan rufe ido, har muka rabu bai yarda ba. Amma da sharaɗi: malami ne zai riƙe hoton, ya nuna masa a nan take, ya mayar da shi layi ya sake. In aka bari sai an koma bariki da yamma, ya zama kallon nishaɗi, abokai na yi masa dariya. Kuma sai da izinin kwamanda, filin harbi ba wurin da kowa ke zaro waya ba ne.

Maman Ilham:
Mu ma mutum-mutumin da ke nuna zurfin dannawa a allo nan take ya fi gyara hannu a kan wanda sai an gama a gaya miki.

Gaskiya Ɗaci:
Wato dai an yi ta zagaye an dawo an ba mai bidiyo kwangila.

Abban Khairat:
Bakinka ya sari ɗanyen kashi, ba kwangila ba tukuna. Baba, tambaya ta aiki: a wane gefe kyamara za ta tsaya?

Baba Sajan:
Bayan layin harbi, wannan ba ciniki. Sannan ta hagu, don AK dama take watso kwanso, kuma da zafinsa yake fitowa, zai fasa maka gilashi.

Ɗan Damagaram:
In ta tsaya hagu ba za ta ga sefti ba, Sajan. Yana dama.

Baba Sajan:
To a sa biyu.

Tsohon Hafsa:
Kun gani ko, tun ba a fara ba kuɗin ya ninka. Ku rubuto a takarda, a bi ta hannun samanja.